Jatau da Bindigar da Ya Ce Ta Karkace

A Jiratawa in ka tambayi gidan Jatau za a ce maka wanne, don Jatau ya kai huɗu a garin. In ka ce mai zogale an rage biyu. In ka ce maharbi, to ko akuya ta san ƙofar. Sunansa na yanka Idirisa, amma rabon da a kira shi da shi tun ranar ɗaurin aurensa, ranar ma sai da ya waiga ya ga ko da wani ake.

Ɗan maharbi ne, jikan maharbi. Yana matashi aka shigo da noman rani na famfo a kwarin Gulbi, ubansa ya samu fili ɗaya a cikin waɗanda aka raba, shi ne Jatau ke nomawa har yau: zogale a gefe, albasa a tsakiya, tumatir in shekara ta yarda. Da sassafe zai ɗaure buhunan ganye a bayan moto, wato babur, ya kai wa matan Sabon Garin Maradi masu kwaɗo, su yi masa tsiya a kan ganyen ya tsufa, ya ce ai da su ya yi koyi, ya juyo gida kafin rana ta yi zafi. Ƴaƴa sun girma sun watse. Tsahara na aure a Maradi, Shamsu na can arewa wurin aikin mota. Gida ya rage daga shi sai matarsa Talatu, sai shanun huɗa biyu da awakin da ba su jin magana.

Noma shi ke ciyar da shi, amma in kana son ka ga haƙoran Jatau, ka yi zancen farauta. Kowace shekara in an gama girbi an kwashe hatsi, maharban kwarin kan fita tare, shi kuwa bai taɓa fashi ba tun yana da shekara goma sha biyar. Bindigarsa adaka ce, gadon ubansa, irin wadda ake ɗurawa ta baki: ka zuba albarushi, ka cusa tsumma, ka daka da sanda, ka zuba dalma, ka sake dakawa. In ka harba sau ɗaya ka kuskure, kafin ka gama ɗura na biyu zomon ya yi aure ya haihu. Shi ya sa Jatau ba ya kuskure. Shekara arba'in da wani abu, fakara in ta tashi a gabansa, miya ce.

Sai ga shi shekara biyu a jere ya dawo hannu sake. Ta farko ya ce albarushin ne ya sha sanyi. Ta biyu ya ce bakin bindigar ya karkace, kuma ya riƙe wannan magana da hannu biyu, duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya ji ta. Talatu ba ta musa ba. In ya shigo da jaka wofi sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Yau ma daddawa muka harbo ke nan." Ya ce mata ba da ita yake ba, da maƙerin da ya ƙera abin yake. Maƙerin kuwa ya rasu tun kafin a haifi Jatau, ba shi da halin kare kansa.

Gaskiyar magana, wadda Jatau bai faɗa wa kowa ba, har da kansa, ita ce duniya ta fara yi masa hazo. Mutane ya koma gane su ta murya, hanyar lambu kuwa ƙafarsa ta haddace. Ya ce a ransa ai kowa haka yake gani in ya doshi sittin.

Ana cikin haka aka shiga gidan maƙwabcinsa Maman Lawali aka kore masa shanun huɗa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Da Jatau ya je jaje ya ga turke biyu babu komai sai igiya, ya dawo gida ya zauna bakin garkensa ya daɗe. Da Talatu ta kawo masa fura ya ce, "Bindiga zan sake. Guda ɗaya tak, wadda za ta yi mani daji ta yi mani gida."

Talatu ta dube shi. Ta ce, "Allah shi zaɓa mafi alheri."

Takardar izini kaɗai ta ci masa wata uku. Hoto, tampo wato hatimi, wannan biro wato ofis, wancan biro, a ce mushen, wato ma'aikacin da ke sa hannu, ya fita, a ce ya dawo amma biro ɗin ya fita. Ranar da takarda ta fito ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun ƙirji, ya zarce Sabon Gari shagon Maiwada, wani ɗan kasuwa mai izinin sayar da bindigogin farauta. Maiwada ya jera masa uku a kan tebur. Ga mai baki ɗaya, a karya ta a sa harsashi a rufe. Ga mai baki biyu. Ga kuma wata baƙa mai cin harsashi biyar, ka ja ka harba, ka ja ka harba. Jatau ya ɗauki ta ukun ya ɗora a kafaɗa, ya ji kamar an mayar masa da shekara ashirin.

"Wagga," ya ce. "In na kuskure ɗaya da sauran huɗu."

Maiwada ya ce, "Yallaɓai, ni ko ƙadangare ban taɓa harbi ba. In ka tambaye ni, duk ukun za ka ɗauka. Ka je wurin Dodo tukuna?"

Bai je ba, kuma ya san dole ya je. Maharban kwarin suna da wata al'ada tsakaninsu: ba mai shigo da sabuwar bindiga cikin tawaga sai Dodo na Tsibiri ya ce ta dace da mai ita. Dodo tsohon maƙeri ne, Anne, mai bin addinin iyaye da kakanni, kuma rabin bindigogin da ke tsakanin Tsibiri da Jiratawa sun taɓa kwana a maƙerarsa. Limamai ma da suke farauta wurinsa suke kai gyara, su yi sallarsu a inuwar rumbunsa, shi yana zuga wuta.

Ranar tafiya Talatu ta ce za ta bi shi, ƙanwarta da ke Tsibiri ta haihu ba ta je barka ba. Ta hau bayan moto, adaka naɗe a buhu tsakaninsu, tun daga Jiratawa har suka ratsa Maradi bakinta bai huta da salati ba. Jatau ya ɗauka tsoron Allah ne ya ƙaru mata. Ya sauke ta ƙofar gidan barka, ya ce in ta gama ta same shi maƙera bayan la'asar.

Maƙerar na bayan gari, rumfa ce ta kara a gindin wata tsamiya, gabanta gonakin da aka girbe. Dodo na zaune a kan fata, ƙafa ɗaya miƙe, yana gyaran wata hauya.

"Baba, barka da aiki."

"Wa nike ji kamar Bakatsinen Jiratawa? An ce fakarun kwarinku har ƙiba suka yi, wai sun ce a gaishe ka."

"Baba, bindigar ce ta karkace."

"Miƙo ta."

Dodo ya kwance buhun, ya shafa bindigar tun daga gindi har baki kamar mai duba doki. Ya ɗauko wani siririn ƙarfe ya zura a ciki a hankali, ya juya, ya zaro, ya sake zurawa. Ya ɗana kunama ya saurari ƙararta. Sannan ya ajiye ta a gefensa, ba a gefen Jatau ba.

"Bindigagga ta fi ka lahiya. Ta fi ni ma."

Jatau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce ko ma dai mene ne, zamani ya wuce adaka. Ya kwashe labarin shanun Maman Lawali ya faɗa, ya faɗi bindigogi ukun da ya gani, ya ƙare da mai cin biyar, yana kwatanta yadda ake jan ta da hannu.

Dodo ya ce, "Duk na san su. Zancen wacce daga baya ne. Ni ba bindiga nike fara aunawa ba. Ɗauki tabarmar can ka shimfiɗa, ka fuskanci hanya."

Jatau ya taɓa jin ana yin haka, amma ya ɗauka da yara sababbin hannu ake. Ya shimfiɗa ya zauna. Hanyar ta fito daga gari, ta bi bayan wani rumbu, ta ratso gona ta iso maƙera.

"Ka ga rumbun can? Duk wanda ya ɓullo daga bayanshi, ka hwaɗa mani namiji ne ko mace, da abin da ke hannunshi. Kafin shi kai gindin gawon da ke tsakiya. Bindigar daji dabba take nema. Ta gida kuwa mutum za a nuna wa, to sai an san wane mutum."

Suka zauna. Can sai ga ƙarar ƙafa da kukan ƙarfe. Jatau ya ce amalanken jaki ne da mutum ɗaya a kai. Daidai. Ya gyara zama ya dubi Dodo.

"Wannan kunnenka ya ci," in ji Dodo. "Jira mai tahiya a ƙasa."

Aka jima. Rana ta karkata, tana bayansu, hasken ya kwanta sosai a kan hanya, ba abin da mutum zai kafa hujja da shi. Sai wani abu ya ɓullo daga bayan rumbu. Jatau ya rufe idon hagu kamar yadda ya saba in zai auna, bai ga komai ba sai fari. Ya buɗe, ya ƙanƙance su duka biyun.

"Buɗe su duka, ban yi maka rowa ba," in ji Dodo.

"Namiji ne," in ji Jatau. "Dogo. Da abu a kafaɗa, sanda ce ko bindiga."

"Ka tabbata?"

"Bindiga ce ma. Dubi yadda ya saɓa ta."

"To da a ƙofar garkenka ka gan shi haka, da magariba, da mai cin biyar ɗin nan a hannunka?"

Jatau ya ce, "Da ban jira sallamarshi ba."

Mutumin ya wuce gindin gawo, ya matso, ya matso, har ya iso bakin rumfa ya sauke abin da ke kafaɗarsa.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni? Malam, ga rake mai jego ta ce a kawo maka, wai ta san ba ka wuce shi."

Talatu ce, da tulin ɗankwali a ka da sandar rake guda.

Ba wanda ya amsa sallamar da wuri. Jatau ya dubi raken, ya dubi ƙafafunta.

Talatu ta ce, "Lahiya? Wa ya mutu?"

Dodo ya ce, "Ke, ɗiyata. Yanzun nan mijinki ya harbe ki. Zauna ki huta."

Da aka yi mata bayani ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. Ta zauna gefen tabarmar ta ce da Dodo, ba da mijinta ba, "Baba, shekara biyu ke nan ina kawar da turmi daga hanyarshi. Buta wuri ɗaya nike ajiye ta. Rannan ya yi wa tulu sannu da aiki, na amsa mashi daga ɗaki don kada ya ji kunya."

"Mi ya hana ki hwaɗi?" in ji Jatau, murya ƙasa.

"Na hwaɗa sau ɗaya, ka ce idona ne ke da ciwo."

Dodo ya ce ba wani abin tashin hankali ba ne, yanar ido ce, ya ga maharba da yawa da ta kama, kuma a Maradi ana cire ta. Ya ce adaka za ta zauna wurinsa. Ya ce takardar izini ba ta ruɓewa a leda. Moton ma a maƙera ta kwana, Talatu ta ce ta gama salatin da za ta yi na wannan shekara, suka shiga motar haya.

Tsahara ce ta kai shi asibitin ido. Likitar wata mace ce da ba ta fi ƴarsa ba, ta haska masa fitila ta ce, "Baba, da wannan idon kake tuƙa moto?" Ya ce moton ta san hanya. Aka ba shi rana, aka yi na dama, aka rufe da auduga. Ya sha alwashin ba zai ji tsoro ba, amma Tsahara ta ce har sunan kakarsa ya kira.

Washegari da aka ɗaye audugar, abin da ya fara gani Talatu ce zaune a kan benci da kwanon koko a cinya. Ya daɗe yana kallonta.

"Mi kake kallo?"

"Yaushe kika yi furfura haka?"

"Tun da na aure ka. A mayar mashi da audugar, likita."

Ya yi dariya har aka ce ya bari kada ɗinki ya motsa, sai kuma dariyar ta juye, ya sa hannu zai share ido aka riƙe hannun. Da suka koma gida ya tsaya tsakar gida yana duba kayansa ɗaya bayan ɗaya kamar baƙo. Ashe ɗaya daga cikin shanun yana da tabo fari a goshi. Ashe lambun da yake taƙama da shi ciyawa ta cinye gefe guda, kuma ba wanda ya gaya masa.

Likita ta hana shi ƙura da ɗaukar nauyi da duk abin da zai girgiza kai. Farautar wannan shekara ta zo ta wuce yana zaune a zaure, karo na farko cikin shekara arba'in da ƴan kai. Ya ji fitar su da safe, ya ji karnuka, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Da yamma abokai suka aiko masa da zomo guda. Ya ci, amma ya ce gishiri ya yi yawa. Bayan wata huɗu aka yi na hagu. Garke kuwa, shi da Maman Lawali suka haɗa ƙarfi suka ɗaga katanga, suka samo kare mai baki, Allah kuma ya tsare.

Da aka sake girbi ya hau moto shi kaɗai ya nufi Tsibiri. Bai jira an ce masa ba, ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa ya fuskanci hanya. Da aka ɓullo daga bayan rumbu ya ce, "Mace ce, zane shuɗi, goyo a baya, kaza a hammata. Kazar wake-wake ce. Goyon ya yi barci."

"Kai, ya isa, ba aurenta za ka yi ba," in ji Dodo. Ya jira har matar ta iso ta gaishe su, kazar ta yi kuka, sannan ya gyaɗa kai.

Suka yi zancen bindiga. Dodo ya ce mai baki ɗaya zai ɗauka. Ba ta da nauyi ga mai yini yana tafiya a daji, ba ta da kayan ciki da yawa da za su lalace, harsashinta ana samu. Mai ƙananan dalma na tsuntsu da zomo, mai manya na gida, kuma kada ya haɗa su a jaka ɗaya. A gida ta zauna a karye, ba komai a cikinta, harsashi a wani wuri dabam da Talatu ta sani.

"Kafin ka ɗauko, ka sa, ka rufe, bakinka ya samu lokacin cewa wane ne. Mai cin biyar ba ta ba mutum wannan lokacin. Kuma wanda ke gani, ɗaya ta ishe shi."

Jatau ya ce ya yarda. Ya matso kusa zai yi godiya, ya durƙusa, ya ɗaga kai ya dubi tsohon a fuska, karo na farko da idon kirki. Ƙwayar idon Dodo, duka biyun, fari ne fat kamar an ɗiga nono.

"Baba."

"Mi ne?"

"Matar da ta wuce yanzu, zanenta wane iri ne?"

"Ni bindiga na zo saye?"

"Baba, tun yaushe?"

Dodo ya laluba ya ɗauki masaba ya ajiye ta inda take. Ya ce ya kai shekara bakwai. Ya ce aikin ƙira hannu ke yin sa, wuta kuwa fuska na jin ta. Gwajin hanya ma ba sai ya gani ba, mai tahowa in ya iso ai zai yi magana. Ya ce shi tun da ya lura ya rataye tasa bindigar, bai jira wani ya zaunar da shi a tabarma ba, ba kamar wasu Katsinawa ba.

"To mi ya hana ka zuwa a cire?"

"An ce kwantar da mutum suke yi su sa mashi wuƙa a ido yana ji yana gani."

"Kai ka tura ni!"

"Ai shi ya sa na tura ka. Na ga ka dawo da ranka."

Jatau ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce ranar Litinin likitar na ganin sababbi, zai zo da sassafe bayan ya sauke zogale. Dodo ya ce Litinin yana da hauyoyin mutane. Jatau ya ce hauyoyin sun jira shekara bakwai ana yi masu gyara da lalube, za su jira kwana biyu. Dodo ya ce shi ba ya hawa moto. Jatau ya ce yanzu direban yana gani.

Ranar Asabar ya je shagon Maiwada da takardarsa ya ɗauki mai baki ɗaya, ya kai gida ya karya ta ya rataye, ya miƙa wa Talatu kwalin harsashi ta adana. Ranar Litinin matan Sabon Gari suka ga ya sauke buhuna bai tsaya tsiya ba. Da hantsi aka gan shi ya shigo Maradi ta hanyar Tsibiri, yana tafiya a hankali, da wani tsoho a baya sanye da rigar da ba a fito da ita sai da dalili, ya ƙanƙame shi da hannu biyu yana zagin duk ramin da suka faɗa.